Kabari Ɗaya a Takardar Hukuma

Sau ɗaya na taɓa ganin yayana Gado ya riƙe alƙalami da zumuɗi, ranar zaɓe ce, kuma da na san abin da zai biyo baya da na fizge alƙalamin na cusa shi a murhu. Ni ce Ummusalama, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, mai shayi da ƙosai a bakin hanyar motocin Gadambaliya. Mutanen ƙauyenmu, Hillar Sharu, suna cewa bakina ya fi shayina zafi, na ji kuma ban musa ba. Amma abin da zan faɗa a kan Yaya babu ƙari a cikinsa, don da ni aka yi, har da hannuna a cikin ɓarnar.

Gado mai haƙa kabari ne. Aikin ubanmu ke nan, kakanmu kuma shi ya haƙa wa Sharu kansa, dattijon da ya ja ayarin kakanninmu daga yamma da niyyar Makka, a ƙafa. Da suka iso wannan baƙar ƙasa ta Gadarif guzuri ya ƙare, sai aka ce a yi noman damina ɗaya a wuce. Daminar nan ɗaya ce har yau ba ta ƙare ba. A shekara ta uku Sharu ya rasu, aka binne shi a gindin wata aduwa gabas da hilla, daga nan duk wanda ya mutu sai a kai shi kusa da shi.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane aikin Gado ba. Da rani takan tsage har ƙafar ɗan akuya ta shige, da damina kuma ta koma laka mai ƙwace wa mutum takalmi. Tudun kabari ba ya wuce damina biyu, a ta uku wurin ya baje sumul kamar ba a taɓa sa masa diga ba. Dutsen da za a kafa babu shi a kusa. Gini kuwa Sharu ya hana tun yana raye, ya ce kada a bambanta kowa, mai garke da mai kwando su kwanta iri ɗaya. Sai dai a soka reshe ko a kifa fasasshiyar tukunya, ruwa ya zo ya tafi da su. Saboda haka baƙo in ya zo maƙabartarmu fili kawai zai gani, da ciyawa, da aduwa guda. Mutum ɗari huɗu da ɗoriya ne kwance a wurin, kuma babu inda aka rubuta su sai a cikin kan Gado.

Yadda yake yi shi ne, ya jingina bayansa da aduwar, sannan ya fara ƙirga taku. Kowane mamaci da lissafinsa: taku kaza gabas, taku kaza kudu. Haka ubanmu ya biya masa su tun yana saurayi, layi-layi, kamar karatun allo. Duk Juma'a da hantsi sai ya goya hannu a baya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu sallama da sunayensu. Mutum zai taso daga Mafaza ko Showak ya ce yana son ganin kabarin uwarsa da ta rasu shekara ashirin, Gado ya tashi, ya yi ta tafiya cikin ciyawa, ya tsaya, ya ce nan. Shekara arba'in yana haƙa, digarsa ba ta taɓa faɗawa kan tsohon kabari ba.

Ban da wannan, ba shi da wani abin a zo a gani. Dogo ne, mai jinkirin cin abinci, mai rowar magana. Yana da 'yar gonarsa ta dawa da riɗi. Mace ɗaya ya taɓa aura, Atika, gajeriya mai dariya, wadda ita kaɗai ta iya sa shi hira. Takan ce ta auri mutumin da ya fi sanin matattu a kan masu rai, don ko sunan maƙwabciyarta ba ya riƙewa. 'Ya'yan da suka haifa ba su tsaya ba. Ita ma ciwon kalazar ya kama ta, ta rame ta ƙare a cikin wata huɗu. Shi ya haƙa mata da hannunsa, ya ƙi kowa ya taya shi. Da aka yi rasuwa ta gaba sai muka ga ya tsallake wuri ɗaya a gefenta ya haƙa a gaba. Aka tambaye shi, ya ce ƙasar wurin da tauri. Duk hilla an san ƙarya yake, wa kansa ya ajiye, amma ba wanda ya tona shi.

Ciwo ɗaya yake da shi a rai, wanda duk muke da shi. A nan aka haife mu, a nan aka haifi ubanmu, amma in ka shiga ofis kai Bafallate ne, baƙo, wanda ake jira ya ƙarasa hajjinsa ya koma. Sau huɗu Gado yana zuwa Gadarif neman jinsiya, takardar zama ɗan ƙasa. A zuwa na huɗu ma'aikacin ya ce ya kawo shaidun da suka san kakansa a ƙasar nan. Gado ya ce yana da su ɗari huɗu, suna kwance a gindin aduwa, a zo a tambaye su. Ma'aikacin ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya kira na gaba.

Filin maƙabartar kuwa an daɗe ana sa masa ido. Manyan gonakin da ake kira mashru, na masu tarakta, sun kewaye mu ta uku, gabas kawai ta rage. Sau biyu masu awo suna zuwa da jajayen tutoci su kakkafa, sau biyu kuma suna dawowa su tuge abinsu. Mu muka ce albarkar Sharu ce. Albarkar Sharu na nan, ban hana ba, amma wanda ya yi aikin wani ne daban.

Sunansa Ustaz Babikir, tsohon malamin makaranta daga cikin garin Gadarif, shi ne wakilin yankinmu a majalisar Khartum, daga wata ƙaramar jam'iyya mai adawa da hukuma. Mutum ne mara daɗin sha'ani. Ba ya cin abincinmu, ba ya zuwa mana gaisuwar mutuwa, in zai ambace mu sai ya ce Fallatan nan nawa, kamar yana maganar awakinsa. Amma duk lokacin da tutocin nan suka bayyana sai ya miƙe a zauren majalisa ya ce lallai minista ya zo ya yi bayani, ya ja maganar zuwa kwamiti, ya kai ta jarida, ya yi ta hayaniya har damina ta sauka hanya ta rufe. A lokacin jam'iyya mai mulki ba ta cika zauren ba, tana bukatar hannun irinsu a wasu maganganun, don haka sai ta ga filin bai kai a ɓata a kansa ba. Ba don yana ƙaunarmu yake yi ba. Hukuma ya tsana, mu kuma sanda ce da ya tarar a kusa. Ko sau ɗaya ba mu taɓa aika masa da godiya ba.

Sai shekarar zaɓen nan mai takardu takwas ta zo, na shugaban ƙasa, na gwamna, na majalisar ƙasa da ta jiha, duk a zama ɗaya. Jam'iyya mai mulki ta yi abin da ba a taɓa yi mana ba, ta tsayar da ɗanmu takarar kujerar Ustaz Babikir. Ɗahiru ne, ɗan marigayi Haladu, aminin Gado tun suna kiwon awaki. Yaro ne mai hankali, ba zan ɗora masa abin da ba shi da shi ba. Ya yi karatun noma a jami'a, kuma bai taɓa wuce teburina bai durƙusa ya gaishe ni ba. Ranar da ya hau mota ya ɗauki lasifika ya yi sallama da Hausa, a gaban gwamna da manyan gari, tsofaffin mata kuka suka yi. Ya ce shugaban ƙasa namu ne, gwamna namu ne, in majalisa ma ta zama tamu babu takardar da za ta sake ɓacewa tsakanin ƙofa da ƙofa.

A taron nan ne Gado ya ba kowa mamaki. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a cikin jama'a ba in ba kabbara ba, ya miƙe. Ya ce shi bai san siyasa ba, makara ya sani. Makararmu a nan gadon igiya ne, angareb, mai ƙafa huɗu, mutum huɗu ke ɗauka. Ya ce in ɗaya ya ja gabas ɗaya ya ja yamma gawa faɗuwa take yi, sai an haɗa taku ake isa. Don haka alama ɗaya, sau takwas, daga sama har ƙasa. Aka yi ta tafi. Maganar ta zaga ƙauyuka, har a rediyon jiha an maimaita ta.

Da muka koma gida na ce, "Yaya, ka yi magana mai daɗi, amma makara ai wuri ɗaya take zuwa."

Ya ce, "Bakin nan naki, Ummusalama, shi ya sa ƙosanki ba ya tashi."

Kada ku ɗauka hangen nesa ne ya sa na faɗa, tsokana ce kawai irin tawa. Ni ce na fi kowa rangaɗa guɗa ranar. Ni na tara matan hilla a bayan rumfata ina koya musu inda za su sa alama, takarda bayan takarda, har wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta iya. Ustaz Babikir sau ɗaya ya zo. Ya tsaya a bayan wata tsohuwar mota ya ce da Larabci, ku zaɓi wanda kuka ga dama ya zama shugaba, amma ku bar wani a zauren nan da zai iya cewa a'a, ko da ba ni ba ne. Aka yi masa ihu. Da ya sauko ya zauna a bencina ya nemi shayi, na zuba masa baƙi ƙirin na ce sukari ya ƙare, alhali gwangwanin na cike a ƙarƙashin tebur. Ya shanye, ya hau motarsa.

Aka ci duka takwas. Ba mu kaɗai ba, kusan ko'ina haka aka yi, zauren majalisa ya zama na gida ɗaya da fadar shugaban ƙasa. Kuma gaskiya a faɗe ta, shekarar farko mun ga abin da muka gani. An kafa mana tankin ruwa. Ɗahiru ya kawo masu jinsiya har cikin hilla, suka zauna a inuwar masallaci kwana uku. Gado ya karɓi tasa yana da shekara sittin da uku. Ya naɗe ta a leda, ya sa a aljihun ƙirji, washegari da ba Juma'a ba ya tafi gindin aduwa da ita. Na san wa ya je nuna wa.

Da rani ya zagayo, wata rana da tsakar rana, sai ga Ɗahiru shi kaɗai, ba 'yan rakiya, da sandunan ƙarfe da buhun siminti a bayan mota. Ya durƙusa a gaban Gado. Mahaifinsa Haladu ya rasu ne cikin damina, shi Ɗahiru yana Khartum, hanya a rufe, bai samu jana'iza ba. Ya ce abin na cin ransa, yana son a nuna masa kabarin ya kewaye shi, ya samu inda zai riƙa tsayawa ya yi addu'a.

Abin ya yi wa Gado nauyi, don wasiyyar Sharu ba a taɓa karya ta ba. Amma ɗan amininsa ne, ɗan da ya sa masa jinsiya a aljihu, ga idonsa ya kawo ruwa. Gado da kansa ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ya shawo kansu, ya ce yaron ya ɗaga mana kai a duniya, kada mu hana shi abu kaɗan. Ya jingina da aduwa, ya ƙirga, ya tsaya ya ce nan. Shi ya haƙa ramukan sandunan, shi ya kwaɓa simintin. Ni na kai musu shayi, da sukari har cokali uku.

Suna cikin aikin Gado ya nuna kudu da haɓa ya ce, "Innarka Atika ma tana nan kusa da shi. Taku goma sha ɗaya."

Ɗahiru ya juya ya daɗe yana kallon wurin.  Shayin nan har ya huce bai taɓa shi ba. Na lura, amma na ɗauka kewar uba ce.

Bayan kamar wata biyu ina tuya da safe, rediyo na rataye a rumfa, na ji an ce majalisa ta amince da wata takarda da ta fito daga fada, ta ba wani babban kamfanin noma filaye a gabas. A zama ɗaya aka gama, kafin azahar, babu wanda ya ƙi. Ban ko ɗaga kai daga kasko ba. Gabas ai da faɗi take.

Mako uku bayan haka jajayen tutoci suka dawo. Wannan karon da muhandis, injiniyan awo, saurayi mai ladabi, da takarda mai hatimi. Ya karanta mana ya sake karantawa. Abin da ke rubuce game da filinmu layi ɗaya ne: fili ne da ba kowa, an sami kabari ɗaya a cikinsa, a kewaye, za a kiyaye shi. Gado ya kama hannunsa ya shiga da shi ciyawa. Ya nuna masa Sharu, ya nuna masa ubanmu da uwarmu, ya bi layi yana kiran sunaye har muryarsa ta dushe. Muhandis ya bi shi har ƙarshe, bai katse shi ba. Sannan ya ce ya yarda da shi, wallahi ya yarda, amma shi abin da ido ke gani aka aiko shi ya rubuta, kuma kabari ɗaya idonsa ya gani.

Muka shiga yawon ofisoshi, ni da shi, don in aka bar Gado shi kaɗai gaisuwa kawai zai yi ya fito. Ofishin ƙaramar hukuma suka ce daga jiha ne. A jiha suka ce daga Khartum ne, majalisa ta riga ta sa hannu. Wakilanmu na majalisar jiha suka karɓe mu da fara'a, suka ba mu ruwan sanyi, suka ce ba za su iya ja da abin da jam'iyya ta tsayar ba. Ko'ina hoto ɗaya ne a bango, alama ɗaya a ƙofa, wadda na koya wa mata. Wayar Ɗahiru kuwa kullum yana cikin taro.

A rana ta biyar Gado ya ce mu je wajen Ustaz Babikir. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, amma na bi shi. Muka same shi a ƙofar shagon ƙanensa a kasuwar Gadarif, kan kujerar roba, yana karanta jarida. Ya tsufa a shekara ɗaya. Ya gane ni sarai. Ya aika aka kawo mana shayi, ya tura mini gwangwanin sukari gabana da yatsa ɗaya. Gara da ya zage ni.

Ya saurari Gado har ya gama, sannan ya ninke jaridar.

Ya ce, "Ya Hajj Gado, ni yanzu kujerata ke nan, ta roba. Da ina ciki da na yi ihu. Wataƙila da an kayar da ni, amma da an ji, da minista ya zo ya yi gumi. Yanzu wa zai kira wa? Kowace ƙofa ka buga, mutum ɗaya ne zai buɗe maka."

Gado ya ce wataƙila Ɗahiru bai sani ba, wataƙila an kawo takardar ne ba zato, ya ɗaga hannu bai karanta ba. Har a lokacin yana nema masa mafita.

Ustaz ya girgiza kai. Ya ce irin wannan takarda 'yan jam'iyya sukan gan ta da taswirarta wata biyu kafin ta shiga zaure, a can cikin gida ake gama magana, zauren ɗaga hannu ne kawai.

Na ga leɓen Gado yana motsi. Mai ƙirga ne, ba sai an taya shi ba. Ya ƙirga baya daga ranar rediyo, ya faɗa daidai kan ranar siminti. Ya ajiye kofin a hankali, ya yi wa Ustaz godiya, godiyar da ta makara da shekaru, muka fito. Muka hau bayan lori daga Gadarif zuwa hilla. Ni ce na yi ta zagi, na zagi Ɗahiru, na zagi jam'iyya, na zagi kaina. Abin da ya fi ƙona mini rai ba ɗaga hannun ba ne. Yaron nan ya tsaya a cikin matattunmu da taswira a kansa. Da ya ce mana ku kafa ko da itace ne a kan kowa, da a kwana biyu mun mayar da filin nan kurmi, da muhandis ya ga ɗari huɗu. Ya yi shiru don kada hilla ta tashi kafin a ɗaga hannu, ya cire ubansa shi kaɗai, kuma da hannun Gado ya cire shi.

Bayan ruwan fari taraktoci suka zo, da motar 'yan sanda a baya. Aduwar suka fara ɗaure wa sarƙa. Ta yi gardama, sai da aka haɗa tarakta biyu. Maza sun fito, mata sun fito, an yi kuka an yi Allah ya isa, amma bindiga bindiga ce. Gado ya je ya zauna a kan Atika ya miƙe ƙafa. 'Yan sanda biyu suka ɗauke shi cak, ba duka ba zagi, ɗaya ma yana ce masa ma'alesh ya hajj, wato yi haƙuri alhaji, suka ajiye shi a bakin hanya. Daga nan muka kalli faifan garma yana bi yana juya ƙasa. Ina kuka ina cewa za su tono mana iyaye, sai ya dafa ni ya ce in kwantar da hankalina, garmar ba za ta kai musu ba, shi ya haƙa, ya san zurfinsu.

Dawar da aka shuka a wurin ta yi kyau. Ban taɓa ganin dawa irinta ba, kuma ban taɓa tsanar shuka kamar yadda na tsane ta ba.

Sababbin matattu yanzu yamma ake kai su, bakin rafi, kuma kowa na kafa ƙarfe da allo da suna, wasiyyar Sharu ta bi aduwa. Gado ne dai ke haƙawa. Jinsiyarsa na nan a aljihu, ban ga ya sake fito da ita ba. Juma'a kuwa bai fasa ba. Da yake aduwa ta tafi, babu abin da ya rage tsaye a filin sai shingen Haladu, sai ya sake lissafin duka ɗari huɗun daga jikinsa. Wata uku ya yi yana wannan aiki a cikin kansa. Wato shingen da aka ci amanarsa da shi, shi ne yanzu yake jingina bayansa da shi kafin ya fara taku. Mai gadin kamfanin ɗan Gadambaliya ne, yakan kau da kai ya bar shi ya shiga.

Ranar babbar salla, bayan an sauko daga idi, aka ce ga motar Ɗahiru can bakin gonar. Gado ya sa takalmi. Na yafa mayafi na bi shi, don na yi rantsuwa sai na faɗa wa yaron nan abin da zai kwana da shi. Dawa ta fi mu tsayi, ta yi kai, muna ratsawa tana kaɗa mana fuska. Muka same shi a jikin shingen, hannu a sama. Ya shafa addu'a, ya juyo, ya gan mu. Ya rame shi ma, ban ji tausayinsa ba.

Ya durƙusa ya gaishe mu. Gado ya amsa kamar kullum. Sai Ɗahiru ya miƙe ya fara magana, ya kasa tsayawa wuri ɗaya, yana ja da baya yana dawowa a tsakanin karan dawa. Ya ce mu fahimce shi. Ya ce a cikin gida ya yi magana, aka ce masa maganar ta wuce shi. Ya ce a zauren nan hannu ɗari uku da wani abu ne suka tashi, ko ya sauke nasa babu abin da zai canja, sai dai a kore shi, tanki na biyu da makarantar da yake nema mana su bi ruwa.

"Baba Gado, wallahi abin da zan iya ceta shi na ceta. Ba ni da hila, ba yadda zan yi. Jam'iyya in ta ce a ɗaga, ɗagawa ake yi."

Na cika baki da magana zan sako, sai Gado ya ɗaga mini hannu. Ba fuskar Ɗahiru yake kallo ba, ƙafafunsa yake kallo, leɓensa na motsi.

Ya ce, "Ɗahiru, matsa. Kana kan Atika."

Yaron ya zabura kamar ya taka garwashi, ya yi taku ɗaya gefe, ya tsaya yana duban ƙasa, bai san inda zai sa ƙafa ba.

Gado ya ce, "Nan ka iya tsayawa, ba kowa. Wurina ne."